Ɗanyen sitaci da tsakar dare: yadda muke ciyar da ɗanmu mai ciwon hanta na gado

A jikin bangon tsakar gidanmu, a nan unguwar Ƙofar Ƙaura cikin birnin Katsina, akwai layukan fensir goma sha biyu, kowanne da kwanan wata a gefensa, kuma baƙon da ya lura da su yakan ɗauka ɓarnar yara ce. Ni na zana su da hannuna. Duk bayan wata uku nakan tsayar da ɗanmu na uku ba takalmi, dugadugansa da ƙeyarsa manne da bango, in ɗora littafi a kansa in ja layi, domin likitarsa ta shaida mana tun farko cewa a irin wannan ciwo tsayin yaro shi ne shaidar da ba ta ƙarya game da ko abincin da ake ba shi ya dace ko bai dace ba. Yanzu shekarunsa biyar, kuma shekara uku ke nan muna bin wannan tsari.

Abin ya fara ne yana da wata huɗu, daidai lokacin da ya soma yin dogon barci da dare ba ya farkawa neman nono. Mahaifiyarsa ta yi murna da samun hutu, amma da asuba sai mu same shi sharkaf da gumi, jikinsa a sake, yana numfashi da sauri kamar wanda ya sha gudu. Sau biyu ya yi jijjiga kafin kiran sallah, kuma duka sau biyun maganin zazzabin cizon sauro aka ba shi. Bayan yaye sai cikinsa ya yi tulu, ƙafafuwansa suka zama sirara, tsayinsa kuma ya tsaya cak, har ƙanin maƙwabcinmu da aka haifa bayansa ya kere shi. Kowa ya gan shi sai ya ce tamowa ce, kuma ban ga laifin kowa ba, domin a jiharmu yaro mai babban ciki da siraran ƙafafu ba baƙon abu ba ne, ma'aikaciyar lafiyar da ke auna damtsen yara ɗari a yini kuwa ba ta da dalilin zaton na ɗari da ɗaya dabam yake. Aka sa shi cikin masu karɓar abincin gyaɗar nan na leda da ake raba wa yara masu tamowa. Wannan abinci ya ceci yara da yawa, amma ana haɗa shi da garin madara da sukari, waɗanda daga baya muka gane su ne abubuwa biyu da jikin ɗanmu ba ya iya sarrafawa. Yana ci, cikin yana ƙara girma.

Wata likitar yara ce ta fara tsayawa ta dube shi da idon basira. Ta lura cewa kumatunsa cike suke, gashinsa bai yi ja ba, ƙafafunsa ba su kumbura ba, hantarsa kuma ta sauko har kusa da cibiya. Ta tambaye ni, "Malam, wace sa'a jijjigar take zuwa masa?" Da na ce kullum gab da asuba, sai ta sa aka kwantar da shi, aka riƙa auna sukarin jininsa bayan ya ci abinci. Kafin awa uku da rabi sukarin ya faɗi ƙasa warwas. Jinin da aka ɗiba kuma, da ya ɗan jima a kwalba, sai samansa ya yi fari kamar an zuba madara, saboda yawan kitse. Aka tura mu Kano aka yi sauran gwaje-gwaje, aka ga tsamin jini ya yi yawa, aka ga hanta da ƙoda sun girma a hoto, daga bisani gwajin ƙwayoyin gado da aka aika waje ya tabbatar da abin da take zato: ciwon taruwar gilaikojin a hanta, nau'i na ɗaya, wanda likitoci suke taƙaitawa da GSD.

Ga yadda na fahimci ciwon, kuma haka nake bayyana shi ga dangi. Hanta rumbu ce. Idan mutum ya ci tuwo, abincin yakan narke ya zama gulukos, wato sukarin da jiki yake aiki da shi, ya shiga jini, rarar kuma hanta ta ɗaure ta ta adana a matsayin gilaikojin. Bayan 'yan awoyi, idan abin da ke cikin jini ya fara ƙarewa, sai hanta ta buɗe rumbun ta riƙa sako gulukos kaɗan-kaɗan, shi ya sa mai lafiya yake iya kwana, har ma ya yi azumi, ba tare da ya faɗi ba. Matakin ƙarshe na buɗe wannan rumbu yana hannun wani sinadari guda ɗaya, kuma shi ne ɗanmu ya zo duniya babu. Rumbunsa yana karɓar hatsi, amma ƙofarsa ba ta buɗuwa. Saboda haka hanta take ta kumbura da ajiya alhali ƙwaƙwalwa tana yunwa, abin da ya kasa fita ta ƙofa kuma sai ya bi wasu hanyoyi ya zama tsami da kitse da sinadarin da ke kawo ciwon gaɓoɓi ga manya. Jikin da ke fama da tsamin jini dare da rana, yana ta kokawar tsira daga faɗuwar sukari, ba shi da sukunin gina ƙashi. Dalilin tsumburewar ke nan.

Wani likita Bajamushe, Edgar von Gierke, shi ne ya fara bayyana ciwon a 1929, sannan a 1952 wasu masana mata da miji a Amurka, Gerty da Carl Cori, suka gano sinadarin da ya ɓace. An ƙiyasta cewa ciwon yana samun jariri ɗaya cikin dubu ɗari. A shekarun 1970 aka fara ciyar da irin waɗannan yara da dare ta bututun hanci wanda inji yake turawa, kuma da a ce shi kaɗai ne mafita, da ban san yadda za mu yi ba, ganin halin da wutar lantarki take ciki a wajenmu. A 1984 ne wasu likitoci a Amurka suka nuna cewa ɗanyen sitacin masara, idan aka dama shi da ruwan sanyi aka sha, yana narkewa a hanji sannu a hankali, ya riƙe sukarin jini na tsawon awoyi. Wannan farin gari mai araha, wanda muke saye a wajen masu kayan haɗa kek a babbar kasuwa, shi ne maganin ɗanmu.

Kalmar "ɗanye" ita ce ta fi ba mu wahala. Bahaushe bai saba ba yaro ƙullu ba sai an dama shi da tafasasshen ruwa ya zama koko, kuma ba yaro ɗanyen gari a wajen iyayenmu alama ce ta sakacin uwa. Da Hajiya mahaifiyata ta zo daga Daura ta ga abin da ake ɗura wa jikanta, sai ta ce wa matata, "Ke 'yar nan, ɗanyen gari za ki ba shi cikinsa ya ƙara kumbura? Kawo in dama masa." Ta dama shi da ruwan zafi ya yi kauri, ya sha ya ji daɗi, kafin awa biyu da rabi na'urar awo ta nuna sukarin ya sauka. Zafi yana farfasa ƙwayoyin sitaci, sai ya narke nan da nan kamar kowane kunu, amfanin da ake nema ya tafi. Haka ma ba a haɗa shi da lemon tsami ko tsamiya, ba a dama shi a ajiye ya daɗe, kuma garin masarar da aka kai inji aka niƙa ba shi ba ne, garin kwastad ma ba shi ba ne, domin ana ƙara masa launi da ƙamshi, wani har da madara. Tun daga ranar Hajiya ba ta sake musu ba, gani ya kori ji, kuma yanzu ita ce take yi wa sauran dangi bayani da irin murya wadda ni ban isa in yi musu ba.

Ana auna sitacin ne da nauyin yaro. Ƙa'idar da aka fi bi ga ƙananan yara ita ce kimanin giram 1.6 a kan kowane kilo na nauyinsu, duk bayan awa uku zuwa huɗu, manyan yara kuma akan ƙara musu adadin har tazarar ta kai awa biyar ko shida, amma likita ne yake yanke na kowane yaro bayan an gwada an ga awa nawa yake riƙewa. Jarirai 'yan ƙasa da wata shida ba a ba su, domin hanjinsu bai fara narkar da ɗanyen sitaci ba. Mun fara da cokali, sai muka ga cokalin yau ba na gobe ba ne, wani a cike wani a shafe, don haka na sayi ƙaramin sikeli irin na masu sayar da zinari. Abin da ake nema shi ne kada sukarin jini ya sauka ƙasa da 70 a ma'aunin na'urar da masu ciwon sukari suke amfani da ita. Yana shan na ƙarfe goma na dare kafin ya kwanta, agogon waya biyu suna tashin mu ƙarfe biyu, na asuba kuma yana haɗuwa da kiran sallah. Ni da mahaifiyarsa muna karɓa-karɓa, kuma a shekara uku ba mu taɓa kwana su biyu wayoyin babu caji ba, ko da za a kai su shagon caji a biya.

Sai kuma abin da aka hana shi. Sukarin shayi rabinsa gulukos ne rabinsa sukarin 'ya'yan itace, sukarin madara kuma rabinsa gulukos ne rabinsa wani da ake kira galaktos. Waɗannan rabi biyun dole sai sun bi ta hanta kafin su zama gulukos, kuma a jikin ɗanmu ƙofar da za su fita ta ita ce a rufe, sai su ƙare a tsami da kitse. Wannan ya sa sukari da zuma da rake da mazarƙwaila da dabino da mangwaro da kankana da lemon kwalba da alewa duk suka fita daga abincinsa, haka nono da kindirmo da madarar gwangwani. Duk wanda ya san yadda muke nuna wa yaro ƙauna ya san cewa jerin nan shi ne jerin kyautar kakanni da baƙi. Abin da ya rage masa ba kaɗan ba ne, alhamdu lillahi: tuwon dawa da na masara da na shinkafa, miyar kuka da kuɓewa, ɗanwake, shinkafa da wake, alale, ƙwai, kifi, kaza, zogale. Fura ma yana sha, a dama da ruwa, ba nono ba sukari, ko da yake a Daura ana kallon wannan kamar cin mutuncin fura.

A shekarar farko mun yi kuskuren da nake jin yawancin iyaye za su yi. Tsoron jijjiga ya sa muka riƙa ƙara sitacin, in an ce giram ashirin mu sa ashirin da biyar, kuma da ya ɗan yi shiru sai mu ɗura masa garin gulukos ba tare da mun auna ba. Nauyinsa ya hau da sauri, kumatunsa suka ƙara cika, dangi suka yi ta barka cewa yaro ya murmure. Amma layukan bango ba su yarda da su ba, domin a wata shida bai ƙara abin a zo a gani ba. Da muka koma asibiti, mai kula da tsarin abinci ta ɗora nauyinsa da tsayinsa a kan katin awo na Hukumar Lafiya ta Duniya, ta nuna mana layin nauyi yana hawa, na tsayi yana kwance. Bayaninta shi ne sitaci ƙarfi ne zalla, babu sinadarin gina jiki a cikinsa, babu na ƙashi, babu na jini, kuma yaron da aka cika wa ciki da shi ba zai taɓa tuwo da wake ba. Rarar da muke ba shi tana komawa rumbun da ba ya buɗuwa ne, hanta ta ƙara girma. Ta mayar da mu kan awo, ta sa a riƙa ba shi sitacin bayan abinci maimakon kafin abinci, ta ƙara masa ƙwai da wake da kifi, likita kuma ta rubuta masa sinadarin kalsiyam da bitamin D, tun da an raba shi da madara wadda ita ce hanya mafi sauƙi ta samun abincin ƙashi. Daga nan ne layukan suka fara barin tazara a tsakaninsu. Yaro mai lafiya a waɗannan shekaru yakan ƙara santimita shida zuwa bakwai a shekara, namu kuwa a shekara ta biyu ya ƙara takwas, wato ya fara biyan bashin da ake binsa.

A zaman jiran likita da karance-karancen da na yi, na gane cewa ciwon ɗanmu ɗaya ne daga cikin ɗaruruwan cututtukan gado na sarrafa abinci, waɗanda likitan Ingila Archibald Garrod ya fara haɗa su a aji guda a 1908, kuma matsalar girma tana bin da yawa daga cikinsu ta fuskoki dabam-dabam. Akwai wanda ake kira PKU, wanda Asbjørn Følling ya gano a Norwe a 1934, inda wani ɓangare na furotin, wato sinadarin gina jiki, yake taruwa ya lalata ƙwaƙwalwa. Masu shi ba sa cin nama da kifi da ƙwai da wake da gyaɗa, sai ɗan furotin da aka auna, a cike sauran da wani gari na musamman da aka cire masa abin da ke cutarwa, tsarin da aka fara gwadawa a Birmingham a farkon shekarun 1950. Idan aka tsananta hanin yaro ya tsumbure, idan aka sassauta ƙwaƙwalwa ta taɓu. Akwai galaktosimiya, inda nonon uwa kansa yake jawo wa jariri shawara da ciwon hanta da yanar ido cikin makonnin farko, sai an mayar da shi kan madarar waken suya. Akwai kuma wanda fitsarin jariri yake ƙamshin ƙonannen sukari. A dukkansu abin da ake ragewa abu ne da jiki yake bukata ko ya saba samun girma daga gare shi, kuma adadin da ya dace a watan jiya ba zai dace a watan gobe ba, domin yaron ya ƙara nauyi. A ƙasashe da dama ana ɗigar jinin dundunen kowane jariri a takarda a kwanakin farko, bisa hanyar da Robert Guthrie ya fito da ita a farkon shekarun 1960, a gano wasu daga cikin cututtukan kafin su yi ɓarna. A asibitocinmu ba a yin wannan gwaji ga kowane jariri, kuma ina yawan tunanin yaran da aka binne da sunan tamowa ko shawara ko iska alhali canjin abinci ne kawai suke bukata.

Matata 'yar baffana ce, kuma ba a rasa masu cewa auren zumunci ne ya jawo. Akwai gaskiya a ciki gwargwado. Ciwon yana bin tsari irin na sikila ne: sai uwa da uba kowanne yana ɗauke da ƙwaya ɗaya ba tare da ya sani ba, sannan a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu yaron ya gaji biyun. 'Yan'uwa sun fi kusa da ɗaukar ƙwaya iri ɗaya daga kaka guda, amma bare da bare ma suna haifar irin wannan yaro, kuma gwajin jinin da ake yi kafin aure ba ya nuna shi. Yayyensa biyu lafiyarsu ƙalau.

Ranakun da muka fi tsoro su ne na rashin lafiya. Zazzabin cizon sauro da kansa yana saukar da sukarin jini ko ga yaro mai lafiya, yaron da ke amai kuma ba zai riƙe sitaci ba. Saboda haka yana kwana cikin gidan sauro rani da damina, kuma akwai takarda daga likitarsa da ba ta rabuwa da jakar mahaifiyarsa, wadda ta ce a sa masa ƙarin ruwa mai gulukos kashi goma cikin ɗari nan take ba tare da jiran layi ba, kuma kada a sa masa ruwan da ke da sinadarin tsami a ciki. Idan gudawa ce, ruwan gishiri da sukari na sacet muke ba shi, wanda gulukos ne a cikinsa, ba wanda ake haɗawa a gida da sukarin shayi ba. Magungunan yara na ruwa ma sai mun karanta jikin kwalin, domin yawancinsu da sukari ake zaƙaƙa su. Kuɗin da ya fi cin aljihuna ba na sitacin ba ne, na tsinkayen gwajin sukari ne, waɗanda farashinsu yake bin dala.

Da ya shiga makarantar Islamiyya sai na je na zauna da malaminsu na yi masa bayani, domin ranar Juma'a ana raba sadakar alewa da biskit, kuma yaro ɗan shekara biyar ba zai iya cewa a'a shi kaɗai a gaban tsaransa ba. Yanzu malamin yana ajiye masa gugguru ko dafaffen ƙwai, kuma shi ne yake tuna masa gorar sitacinsa in lokaci ya yi. Azumin bana ya tambaye ni, "Baba, ni yaushe zan fara kamar Yaya?" Na ce masa Allah ya ɗauke wa marar lafiya, kuma shi nasa aikin shi ne ya riƙa tashin mu sahur, tun da dama a farke yake. Ya karɓi aikin da muhimmanci. Amsar gaskiya ita ce ko ya girma ba zai iya wuni ba ci ba, sai dai ciyarwa, amma wannan magana ce ta wata shekara.

Jiya Asabar ce ranar awo. Ya cire takalmi da kansa ya jingina da bango, yana ɗan ɗaga dunduniya yana satar kallona ko zan gani, na danna kafaɗarsa ya sauka yana dariya. Tazarar da ke tsakanin sabon layin da na watan Rajab ta kai santimita biyu saura kaɗan. Nauyinsa ma ya ƙaru da rabin kilo, wanda ke nufin ranar Talata za mu koma asibiti a sake lissafin giram nawa zai riƙa sha.